Kurar Malam Halliru

"Akwa," in ji Malam Halliru.

Matarsa Rahmatu ta sunkuya ta kara kunne a bakinsa. "Akwai mi, Malam?"

"Akwa."

"Marwan, ɗaga shi. Ya ce akwai. Halama kunama ta."

Ko da na shigo, Marwan ya sungumi ubansa kamar buhun gero, uwar tana karkaɗe katifa, an fitar da tabarma tsakar gida ana ta bugu. Na ce su ajiye bawan Allah su ba shi ruwa. Ya shanye moɗa guda, sannan ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce Zulaiha, taubashiyarsa, katanga kawai ta raba gidajenmu a Sabon Birni. Da ƙuruciya an tura Halliru jami'ar Badun ya karanto tarihi, sai ya ɗauki wani ƙaramin darasi a gefe, wai shi Latin, harshen Rumawan dā. Tarihin ne ya ci abinci da shi, ya koyar a sakandare a garin Isa har ya yi ritaya, amma Latin ɗin ne ya shige masa jini. Na sha tambayarsa ina masu harshen suke, ya ce duk sun mutu. Na ce to ai ka ga abin da ya yi musu. Da irin wannan tsokana na tsinci kalmomin da ba su fi cikin tafin hannu ba, ban san za su yi mini rana ba.

Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin masallaci. Ɓarin jikinsa ya shanye, da aka dawo da shi daga asibiti kuma sai aka tarar Hausa ta kwashe kayanta daga bakinsa kakaf. Abu biyu suka rage, kalmar shahada da Latin. Liman ya ji ta farkon ta fito tsaf, ya yi hamdala, ya ce sauran a nemi tafinta. Ni aka nemo, don duk ƙasar Gobir babu wanda ya fi ni, abin kunya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rannan na je kasuwa, Malam ya nuna bayan randa ya ce, "Mus." Mu nan kyanwa muke kira mussa, saboda haka Marwan ya ɗauki tsintsiya ya kori kyanwar gidan har waje. Alhali a Latin ɓera ake nufi. Ɓeran ya wuni yana shawagi a ɗaki, Malam yana kallonsa, babu bakin kai ƙara.

Amma duk wannan wasa ne. Maganar da ta tsaya wa kowa a rai ita ce ta kura.

Tun satin amarci Malam ya dubi Rahmatu ya ce mata, "Meya kura." Ita kuwa abin da kunnenta ya ji shi ne mayya, kura. Ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa gidansu a Bafarawa. Da aka zauna biko, Malam ya rantse cewa a Latin ma'anarta abin da zuciya ta ɗauka ta kasa ajiyewa, wanda kake kwana kana tashi da kulawarsa. Dattawa suka yi sulhu irin nasu, aka soke "meya", aka bar masa "kura". Da shi ya ci gaba da kiranta har Marwan ya fara furfura. Unguwa ta ɗauka. In ta aika sayen nama, mahauta su ce a ƙara ƙashi, na gidan Kura ne.

Ba ta taɓa yarda da fassarar ba. "In so na, mi ya hana Rumawan su nemi wata dabba? Barewa ta ƙare?" Ta sha faɗa a gabana cewa komai ta yafe masa ban da wannan, sai ranar da ya kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Muna dariya a lokacin. Yanzu ga shi kwance, numfashi yana ja baya, sunan kuma ba ya cikin abin da ya rage a bakinsa. Na tsorata ƙwarai, don na san taurin kanta, na kuma san in ya tafi ba ta yafe ba ita ce ba za ta ƙara barci ba.

Ranar Laraba bayan la'asar numfashinsa ya sauya. Rahmatu ta kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba, leɓɓanta duk sun bushe. Ta zauna a bakin gado ta dube ni.

"Zulai, hwaɗa mishi. Sau guda ni ka so. Shi ce Rahmatu."

"Yana jin ki ai. Kunnenai lahiya lau, bakin na ya ƙi."

"To, Malam, ka jiya. Rah-ma-tu. Ba shi da wuya."

Ya dube ta. Bakinsa ya karkace, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ja numfashi ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa.

"Meya kura."

Ga shi ba janyewa ya yi ba, har wadda dattawa suka soke ya dawo da ita. Na yi maza na ce, "Cewa ya yi ki yi haƙuri."

"Zulai, ni ba kurma ba ta."

Ta kau da kai, ta fara gyara ɗaurin zanenta kamar mai shirin tashi. Sai ya ce, "Akwa." Wannan kam ta riga ta koya. Ta ɗebo ruwa fuska a murtuke, ta tallafo kansa, ta kai moɗa bakinsa. Ya datse leɓɓa. Ta sake kaiwa, ya ƙi. Ya ɗago hannunsa mai lafiya, ya tura moɗar a hankali har ta taɓa haɓarta, ruwan yana zuba mata a zane.

"Kura," ya ce. "Akwa."

Ta daɗe tana kallonsa ta saman moɗar. Sannan ta sha, ta shanye duka, muna jin wucewarsa a maƙogwaronta. Da ta sauke, dariya da kuka suka zo mata tare.

"Kai dai ba ka jin magana, Malam. Na yahe, duniya da lahira." Ta share hanci da bakin mayafi. "Amma hwassarar ga ban yarda da ita ba."

Rabin bakinsa ya yi murmushi. Kafin magariba ya cika, da shahada a bakinsa, a harshen da kowa ya gane.

Ranar addu'ar uku mata suka cika tsakar gida, har da dangin Rahmatu na Bafarawa. Rahmatu tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ta zuba wa ƙasa ido. Wata ƙanwarta ta durƙusa a gabanta.

"Rahmatu, ga mutanen Unguwar Lalle sun taho gaisuwa."

Ba ta motsa ba.

"Rahmatu. Yaya Rahmatu."

Ta ci gaba da jan carbinta. Matan suka fara kallon juna. Na matsa kusa da ita, na rage murya yadda babu mai ji sai ita.

"Kura."

Nan take ta ɗago kai. Ba ni ta duba ba. Ƙofar ɗakinsa ta duba, inda kyanwar ta dawo ta kwanta a kan takalmansa.