Bangon da Awaki Suka Lasa

A bazarar 1898, bangon gabas na ɗakin Salamatu ya tsage tun daga ƙarƙashin jinka har ƙasa, tsagar da kaza za ta iya zura kai. Ɗakin nan shi ne mafi kyau a gidan da marigayi Saje Mika'ilu ya bar mata a Zangon Ankara, garin ƙabilar Ga na bakin ruwa, inda ake jin ƙugin teku dare da rana. A cikinsa ne kuma 'yarta ta fari, Ƙaltume, za ta haihu. Cikin fari ne, saura wata biyu ta dawo gida goyon ciki, kuma a daidai lokacin ne ruwan sama ke saukowa garin kamar da bakin ƙwarya.

Salamatu ta aika aka kira Baba Mas'udu, tsohon maginin da ya gina gidan tun farko. Ya zo yana taunar goro, ya zagaya bangon sau biyu, ya kankare shi da farce.

"Sai an rushe an sake. Sule goma sha biyar."

Salamatu ta dafe ƙirji. "Baba, bango ɗaya na ce, ba gidan Gwamna ba."

"Na ji ki. Bango ɗaya."

"To me zai ci wannan kuɗin?"

Tsohon ya tofar da tukar goro gefe. "Mijinki bai taɓa tambayata me zai ci kuɗi ba."

Maganar ta soke ta a inda ba ta warke ba. Ta ce za ta yi shawara, shi kuma ya saɓa sandarsa ya fita.

Kwana uku bayan haka wani baƙo ya tsaya gaban tukunyarta a kasuwa, inda take sayar da wake da shinkafa. Sunansa Falalu, ya biyo fatake daga Kano, bai fi sati uku a garin ba. Da ya buɗe baki ya gaishe ta, sai ta ajiye ludayi ta dube shi. Hausarsa cikakkiya ce, mai nauyi, irin ta mahaifinta da ya rasu tana ƙarama. Tata ta daɗe da gaurayuwa da harshen Ga har ta manta yadda ake jera gaisuwa haka. Da ya ce gini ne gadonsu tun kaka da kakanni, ba ta san lokacin da ta kai shi gaban tsagar ba.

"Sule biyar, uwar gida, da abincin rana," in ji shi. "Ƙasa ta Allah ce, ruwa na Allah ne. Hannuna kawai za ki biya."

Ranar nan duk wanda ya miƙa mata ganye a zuba masa abinci sai ya tafi da labari. "Shekara ashirin Baba Mas'udu yana cin mu da rai," take cewa, "mu kuma muna masa godiya." Kafin la'asar maganar ta zagaye Zango.

Falalu bai yi ha'inci ba ko da ƙwayar zarra. Ya yi abin da ubansa ya koya masa: magini yakan fita bayan gari ya nemi kududdufi, ya haƙa ƙasa a gefensa, ya kwaɓa da ruwansa. Ya fita kuwa, ya sami wani babban tafki a yamma da gari, ruwansa kwance, baƙi-baƙi, da 'yan tsuntsaye a kai. Ya yi hamdala. A can ya kwaɓa, a can ya murza tubalansa ya shanya. Masunta 'yan Ga suna wucewa suna nuna shi suna magana da ƙarfi, wasu suna dariya. Ba ya jin harshensu, sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Yauwa, sannunku dai."

Cikin kwana ashirin bango ya tashi. Ya yi masa yaɓe sumul, har ya zana dagi a saman ƙofa da yatsa, abin da ba a saka a ciniki ba. Da Salamatu ta dawo kasuwa ta gani, sai ta zauna a kan turmi ta yi ta kuka, don ya yi kama da ƙofar gidan da ubanta yakan siffanta mata.

Awakin Hamsatu maƙwabciyarta ne suka fara ganewa.

Da farko akuya ɗaya ce. Ta manna baki a gindin bangon tana lasa, ido a lumshe. Aka kore ta, ta dawo da 'ya'yanta. Kafin sati ya cika, awakin layin gaba ɗaya suna yin sahu a jikin bangon tun da hantsi, har da tumakin liman.

"Ke Salamatu," in ji Hamsatu ta saman dangarta, "da zuma Bakanon naki ya kwaɓa? Awakina sun daina cin dusa."

Salamatu ba ta yi dariya ba. Ta riga ta lura cewa kowace safiya bangon yana yin gumi, in rana ta fito kuma sai wani farin abu ya feso a jikinsa kamar furfura. Gindinsa ya fara zaizayewa. Saura sati uku 'yarta ta iso. Tsoro ya shige ta, kuma tsoro yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ta yafa gyale, ta tafi ƙarƙashin bishiyar da Baba Mas'udu ke zama da dattawa.

"Baba, in na yi maka laifi ni ka kama. Me yarinyar nan ta yi maka, da abin da ke cikinta?"

"Wace magana ce wannan?"

"Abin da ka binne a gindin bangona, je ka tone shi."

Baba Mas'udu ya dube ta dogon lokaci, fuskarsa ba fushi, sai wani abu da ya fi fushi zafi. Ya miƙe ya bi ta, mutane suka biyo su. Falalu ma labari ya iske shi, ya zo da gudu.

Tsohon ya kori awakin da sanda, ya durƙusa da ƙyar. Ya kankaro farin abin da farce ya sa a harshe. Sannan ya sake kankarowa ya miƙa wa Salamatu.

"Ɗanɗana."

Ta ja da baya.

"Ɗanɗana, ai sammuna ne. Ya kamata ki san daɗinsa."

Ta sa a baki. Gishiri ne, gishiri zalla, har da ɗaci. Ta tsaya da yatsa a leɓe.

Baba Mas'udu ya juya ga Falalu. "Ɗana, a ina ka ɗebo ruwa?"

"A kududdufin bayan gari, Baba."

"Wane kududdufi?"

Falalu ya nuna yamma. Wata tsohuwa a cikin taron ta yi salati a hankali.

"Wannan ba kududdufi ba ne," in ji tsohon. "Teku ne ya zuro harshensa cikin gari. Ba ka ɗanɗana ruwan ba?"

"Wa ke ɗanɗana ruwan kududdufi, Baba?" Muryar Falalu ta koma kamar ta yaro. "Ko a Kano ba a sha. Kwaɓi kawai ake yi da shi."

"A Kano." Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. "Nan gishiri yana shan iskar teku, ya jiƙe, ya bushe, ya jiƙe, har ƙasar ta saki juna. Ƙasar bakin tafkin ma rabinta yashi ce. Ni jar ƙasata daga tudu ake ɗauko ta, tafiyar rabin yini a kai. Ruwana kuma na rijiya ne, tulu-tulu nake saye a hannun mata." Ya dubi Salamatu. "Ke da kike sayen ruwan dafa wake kowace safiya, kin fi ni sanin tsadarsa a garin nan. Tulu nawa bango ɗaya zai sha?"

Ta sani. Wallahi ta sani, kullum sai ta yi mita a kan ruwan nan. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa bango ma shan ruwa yake yi ba. Ta tuna kowane ganye da ta naɗe da sunan tsohon nan a ciki.

"Don me ba ka faɗa mini ba ranar da na tambaya?"

Wannan karon shi ne ya sunkuyar da kai. "Girman kai ne. Na ɗauka tambaya zagi ce."

Hamsatu ta matso. "To a shafe shi da farar ƙasa mana, a sa ƙaya don awaki. Ai zai kai bayan suna."

"Zai kai, Baba?" in ji Falalu.

"Yana iya kaiwa. Amma ɗakin mai jego ne, wuta a ƙarƙashin gado, tururin wanka safe da yamma, ga ruwan sama yana dukansa ta waje. Yana iya kaiwa bayan suna, yana iya faɗuwa a kwana na uku."

Falalu ya juya ga ɗakin. Ya ɗauko itace biyu ya tokare jinkar, ya roƙi mutane su matsa. Ya tsaya yana kallon dagin da ya zana, sannan ya sa kafaɗa a tsakiyar bangon ya tura sau ɗaya.

Kowa ya zaci sai ya yi ta fama. Amma bangon ya tafi kawai, ya faɗa cikin ɗakin da wata ƙara mai taushi, kamar an yar da buhun gari. Tubalan suka dagargaje suka zama tsibin ƙasa mai damshi, a daidai inda Salamatu ta shirya gina gadon jego. Salamatu ta zube a wurin tana kallon tsibin, tana ganin abin da zai kasance a ƙarƙashinsa. Falalu kuwa ya tsaya yana duban hannuwansa kamar na wani aka ba shi aro.

Washegari Salamatu ta je gaban dattawan da ta zagi Baba Mas'udu a gabansu, ta durƙusa.

"Baba, na ci mutuncinka a kasuwa, a kasuwa zan mayar maka da shi. Ka faɗi kuɗinka, ba zan yi ciniki ba."

"Za ki yi," in ji shi. "Ki tambayi kowane tulu da kowane kwando, ni kuma in ba ki amsa. Rashin haka ne ya kawo mu nan. Kuma kuɗin ya ragu, don na sami jakin Kano da ya rantse ba zai karɓi lada ba."

Haka aka ga ɗan gidan magina da tulu a ka, cikin jerin mata, yana kai da komowa tsakanin rijiya da gidan Salamatu. Matan suna masa tsiya: "Falalu, ka ɗanɗana wannan kuwa?" Shi kuma a kowane tulu sai ya tsoma yatsa ya kai baki, ba wasa a fuskarsa. Da rana yana tattaka kwaɓi, Baba Mas'udu yana ɗora ƙasa hawa-hawa irin na ginin bakin teku, yana faɗa masa dalilin kowane abu, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Ƙaltume ta iso ranar da hadarin farko ya haɗu a kan teku, tana tafe da ƙyar, hannu a ƙugu. Bangon ja ne, ba zane ba ado, gefensa ɗaya ma bai gama bushewa ba. Ta nufi ƙofar ɗakin, sai uwar ta tare ta da hannu.

"Dakata tukuna."

Salamatu ta sunkuya, ta manna harshe a jikin bangon. Ta matsa gaba ta sake, ta durƙusa ta lashi gindinsa.

"Inna, lafiya kuwa?" in ji Ƙaltume, ido a waje.

Salamatu ta miƙe tana goge jar ƙasa daga leɓenta, hawaye na bin kuncinta.

"Ƙasa ce," in ji ta. "Shiga."