Kututturen Lemo

Maigidana mai wa'azi ne a majami'armu, kuma abu ɗaya yake so a littafin annabawa: hukunci. Zai karanta inda aka sare al'umma kamar itace, ya rufe littafin fam, ya dube mu ta saman tabarau. Na sha ce masa, "Baban yara, akwai sauran rubutu a ƙasa fa." Sai ya ce in bar masa aikinsa.

Ko ƙanensa bai tsira ba. Da ya faɗa shaye-shaye, a gaban jama'a maigidana ya nuna shi da yatsa, ya ce Allah ya gama da shi. Tun ranar bai sake taka gidanmu ba.

Sai wutar daji ta shigo gonar lemonmu. Kafin a kawo ruwa ta lashe komai, ta bar kututture baƙi ƙirin a jere. Maigidana ya tsaya cikin toka, ya ce, "Ashe ni ne itacen." Ya ajiye wa'azi, ya daina addu'a, abinci ma sai na yi da gaske. Gonar ba ta dame ni kamar shi ba. Tsorona kada ya mutu yana ganin Allah ya juya masa baya.

Bayan ruwan farko ya saɓi diga, wai zai tumɓuke kututturan kowa ya huta. Na bi shi ina mita. Ya ɗaga digar ke nan na hango wani abu a gindin kututturen.

"Tsaya!" na ce masa.

Toho ne, kore shar, ya huda toka ya fito. Na duba na gaba, akwai. Na gabansa ma akwai, har ƙarshen layi. Tsigar jikina ta tashi. Ba mu ba su ruwa ba, ba mu ma roƙa ba. Sai na cire takalmina, kamar mai tsaye a wuri mai tsarki.

Ya durƙusa, ya murza ganye ɗaya, ya sansana. "Na tsami ne," ya ce. "Daga saiwa ya fito. Ba zai yi zaƙi ba sai an yi masa aure da reshen mai zaƙi, kuma irin nawa duk ya ƙone."

"Bai ƙone duka ba, Yaya."

Ƙanensa ne tsaye a bakin shinge, ya rame, amma idonsa garau. Ashe kullum da safe yakan zo ya leƙa gonar. Ya miƙo lemo guda.

"Dashen da ka ba ni lokacin aurena yana nan, har ya fi ɗakina tsawo. In tohon ya yi kaurin yatsa, ka zo ka yanki reshe son ranka."

Maigidana ya karɓi lemon da hannu biyu.

Ran Lahadi ya tashi gaban jama'a, ƙanensa yana bencin baya. Ya karanta saran itacen kamar kullum, har ya kai inda ya saba tsayawa. Duk muka yi tsit muna jiran fam ɗin nan. Sai ya gyara tabarau, ya sauke yatsansa zuwa layi na gaba, inda aka ce toho zai fito daga kututturen, ya ci gaba da karatu.