Bututun da Ya Tsage

Madu maharbi ya kai tsohuwar bindigar mahaifinsa wajen Habib maƙeri a Dala. Jibi zai raka manoma girbi bayan gari, inda mayaƙan daji ke yanka mutane.

Habib ya kwance bututun bindigar, ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi kamar ƙararrawa. Wannan kuwa sai ka ce fasasshiyar ƙwarya.

"Ya tsage, Baba Madu. In ka harba, a fuskarka zai fashe."

Gero ya nuna, gidaje babu hatsi.

"Ɗaura min shi yadda yake," in ji Madu. "Kada ka gaya wa kowa. Sai manoman sun ga bindigar a kafaɗata suke iya sunkuyawa su yi girbi."