Ranar da Gershon Ya Buɗe Kwamfuta

Gershon Zamani bai yarda kwamfuta ce ba sai da ya ga rubutu ya fito a talabijin. Abin da 'yarsa Rachael ta ciro daga jakarta bai fi tafin hannunsa faɗi ba, baƙi, mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar na littafin waƙoƙin coci. Ya ɗauka ya auna nauyinsa a hannu, ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza. Babu abin da ya motsa a ciki. Ya tambaye ta ina sauran yake, ta ce ai shi ke nan.

Shekara talatin da ɗaya Gershon ya yi yana aikin sigina a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan kafin ya yi ritaya. A zamaninsa, na'urar da ke da amfani sai mutum biyu sun kama kafin ta ɗagu, kuma in ta tsaya, buɗe ta ake yi a ga abin da ya tsinke. Wannan hali bai bar shi ba. Rediyon gidan, dutsen guga, agogon bango, har fitilar sola, babu wanda bai taɓa ganin cikinsa ba. Yawancinsu sun ci gaba da aiki bayan haka.

Ba don shi Rachael ta kawo kwamfutar daga Kaduna ba. Don mahaifiyarta ce, Hulda, tsohuwar malamar firamare wadda ta kai shekara shida tana sakatariyar Zumuntar Mata a cocinsu. Duk wasiƙa da duk tsarin taro, da hannu Hulda take rubutawa, sannan ta hau acaɓa zuwa shagon buga takardu a kasuwa, inda kullum sai an ɓata mata sunayen mutane. Rachael ta haɗa ɗan akwatin da talabijin, ta ajiye kibod da maus a kan teburin falo, ta nuna wa uwar yadda zai riƙa jan intanet daga wayarta ba tare da wata igiya ba. Kwana biyu ta yi tana koya mata. Ranar da za ta koma, tana riƙe da jaka a bakin ƙofa, ta dubi mahaifinta.

"Baba, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Kar ka buɗe shi."

Gershon ya ce shi me zai nema a ciki.

Cikin wata guda gidan ya saba da sabon baƙon. Da safe, bayan addu'a da kunun acca, Hulda takan jawo kujera kusa da talabijin ta yi ta buga rubutu da yatsu biyu, tana karanta kowane harafi a bayyane kamar tana gaban 'yan aji ɗaya. Da la'asar kuma falon ya zama na kallo. Ita tana son ƙungiyoyin mawaƙan mata, musamman masu tukwane da caki, tana duba irin ɗaurin zaninsu. Shi kuwa ya gano akwai mutane a wasu ƙasashe da ba su da aikin yi sai ɗaukar hoton jiragen ƙasa, har da tsofaffin masu cin gawayi, irin waɗanda ya tarar suna gab da ƙarewa lokacin da ya kama aiki. Yakan zauna awa guda yana kallon jirgi yana hawan wani dutse, yana faɗa wa Hulda inda direban ya yi kuskure.

Amma ko yana kallon, rabin hankalinsa na kan akwatin. Ya lura idan aka daɗe da kunna shi yana fitar da wata 'yar ƙara siririya, ya sa hannu a gefe ya ji iska mai ɗumi. Ke nan akwai fanka. Fankar da za ta shiga wannan wuri, yaya girmanta? Ya kuma ƙirga sukuru huɗu a ƙarƙashinsa, ɓoye cikin ƙafafun roba. Bai ce wa kowa ya ƙirga ba.

Hulda ba ta barin kaya mai daraja tsirara a falonta. Talabijin yana da mayafinsa, rediyo ma haka, ko hannun kujera akwai ɗan ƙyalle a kai. Saboda haka ta saƙa wa kwamfutar riga da kwarashi, da ulu ruwan hoda, ta bar ƙofa ɗaya a baya inda wayoyi ke fita. Matan da suka zo gaisuwa sun yaba.

A tsakiyar watan Maris, da zafi ya kankama, kwamfutar ta fara wani sabon hali. Hulda na cikin buga tsarin babban taron mata na gunduma, wanda za a yi ranar Asabar mai zuwa, sai talabijin ya yi baƙi ƙirin alhali fitilar falo na ci. Ta sake kunnawa, bayan minti ashirin ya sake mutuwa. Ranar Talata sau uku ya yi haka, har ta rasa jerin sunayen masu jagorar waƙa gaba ɗaya. Ta kira Rachael, Rachael ta ce tana wurin aiki, a bari sai ta zo hutun Ista. Ista kuwa saura mako uku.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu Hulda ta ɗaura zaninta na zumunta ta tafi coci. Gershon ya raka ta har bakin get, abin da bai saba yi ba, ya tsaya sai da ta sha kwana wajen bishiyar mangwaro. Sannan ya dawo ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin cin abinci, kusa da taga inda haske ya fi yawa, ya ɗauko gwangwanin da yake ajiye ƙananan sukundireba.

Ya tuɓe wa akwatin rigarsa. Ya cire sukurun ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a cikin sosar kofin shayi yadda ya samo su. Murfin ya ɗan yi gardama, ya sa farce ya ɓamɓare shi, ya ji wani abu ya yi ƙas, amma bai kula ba domin idonsa ya riga ya shiga ciki.

Ya daɗe bai taɓa komai ba. Ya zaci zai ga wayoyi a cunkushe. Abin da ya gani wani koren allo ne, an jera masa ƙananan abubuwa baƙaƙe da masu ruwan azurfa, da siraran layuka suna bi tsakaninsu, suna rabuwa suna haɗuwa. Ya ɗauko gilashin ƙara girma da yake karanta ƙananan rubutun Baibul da shi. Layukan nan sun tuna masa da taswirar mahaɗar jiragen da ke manne a bangon ofishinsu a da, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Kaduna. Ya bi ɗaya da bakin tsinken sakace har ya ɓace a ƙarƙashin wani faifan tagulla. Ya so ƙwarai ya san inda ya ɓulla.

Fankar tana nan, faɗinta kamar murfin kwalbar man shafawa. Tana shaƙe da gashin ulu ruwan hoda, ya naɗe a fukafukanta, ya toshe ƙananan ramukan da iska ke fita. Gershon ya yi dariya shi kaɗai. Ya tsince gashin da tsinken, ya tara shi a gefen sosar, ya hura sauran da baki. Ya mayar da murfi, ya ɗaure sukuru, ya haɗa wayoyi. Kwamfutar ta tashi lafiya, ƙarar ma ta ragu. Rigar kuwa ya ninke ta ya ajiye a kan rediyo.

Hulda ta dawo wajen ƙarfe huɗu da rabi, ko zani ba ta canja ba ta zauna ta ƙarasa tsarin taron. Fiye da awa guda tana bugawa, talabijin bai ɗauke ba. Ta ce lallai addu'ar da suka yi yau ta karɓu. Gershon ya ce amin. Sai da ta zo aika takardar ga Mama Keziya, shugabar matan gunduma, wadda ke jira ta duba kafin a kai wa masu bugawa, intanet ya ƙi kamawa. Ta kashe wayarta ta kunna, ta matso da ita har ta taɓa akwatin. A nan ne ta ga babu riga.

"Baban Rachael, ina rigar abin nan?"

Ya tashi ya ɗauko sosar ya ajiye a gabanta, da ɗan tulin gashin ulu a ciki.

Ta dubi sosar, ta dube shi. Ta fara da tuna masa alkawarin da ya yi wa yarinya a bakin ƙofa, ya ce shi bai yi alkawari ba, tambaya kawai ya yi. Ta ce yanzu ga shi ya kashe intanet ɗin. Ya ce ita kuma ta kusa shaƙe abin har lahira da ulunta. Hulda ta ɗauki gashin ta murza shi tsakanin yatsu, ta tambaya ko da gaske duk wannan a ciki ya samo. Ya ce a jikin fanka.

"Fanka? A cikin wannan?"

Ya nuna mata faɗinta da yatsu. Ta ce ba ta yarda ba. Can ta miƙe ta kwashe kwanukan da ke kan teburin cin abinci, ta ce tunda dai an riga an buɗe sau ɗaya, ya sake buɗewa kafin rana ta faɗi, ita ma ta gani.

Wannan karon a hankali ya ɗaga murfin. Hulda ta karɓi gilashin ta sunkuya. Ta taɓa fankar da ɗan yatsa ta juya ta. Ta tambaya ina wasiƙunta suke zama. Gershon ya yi nazari, ya nuna wani dogon abu siriri mai kama da cingam, ya ce yana kyautata zaton nan ne, amma ba zai rantse ba. Ta ce wasiƙa arba'in da wani abu, da hotunan bikin Nathan, ɗan ƙanwarta, duka a nan? Ya ce haka ya gani. Ta girgiza kai, ta ƙara matso da gilashin kamar za ta hango rubutun.

Ita ce ta ga matsalar. Wata waya baƙa, siririya kamar zaren ɗinki, ta taso daga jikin murfin tana lilo, a bakinta akwai ɗan kai mai ruwan zinariya da bai kai ƙwayar dawa ba. Kusa da ita akwai 'yar'uwarta fara, ita tana maƙale a kan wani ɗan allo, kuma a gefenta ga gurbi ɗaya babu kowa. Gershon ya tuna ƙarar da ya ji ɗazu. Ya ce eriya ce, haka take ko a rediyo, in ta cire shiru za a ji.

Ya gwada mayar da ita sau biyar. Yatsunsa sun yi kauri, kuma tun bara hannun damansa ya fara 'yar rawa idan ya matsa masa. Duk lokacin da kan wayar ya hau gurbin, sai ya zame. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. A karo na shida ya ajiye hannun a kan jarida ya zuba masa ido.

Hulda ta shiga ɗaki ta dawo da hantsakin da take cire zare da shi idan ɗinki ya karkace. Ta ce ya riƙe mata gilashi, ya kuma gaya mata ta inda za ta danna. Ya ce ta daidaita shi a tsaye, kada ta karkata, sannan ta danna sau ɗaya da ƙarfi amma ba sosai ba. Ta ce wane irin bayani ne wannan. Ta riƙe numfashi, ta ɗora, ta danna da bayan hantsakin. Suka ji ƙas.

Takardar ta isa wurin Mama Keziya kafin ƙarfe bakwai. Ta amsa da cewa komai daidai, sai dai a gyara sunan mai wa'azi, Francis ne ba Patrick ba, an canja. Hulda ta gyara nan take, ta sake aikawa, tana cewa da a da ne sai ta sake hawa acaɓa.

Washegari da la'asar ba a kalli mawaƙa ba, ba a kalli jirgi ba. Hulda ta buga tambaya da yatsunta biyu, tana son ta san yadda ake ƙera baƙaƙen abubuwan da ta gani a kan koren allon. Bidiyon da ya fito na wasu mutane ne cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, mai bayani kuma ya ce daga yashi ake farawa. Gershon ya ce ta mayar baya, bai ji da kyau ba. Ta mayar. Mai bayanin ya sake cewa yashi.

Suka kalla har ƙarshe, suka kalli na biyu. Gershon ya ɗauko biro yana rubuta kalmomin da bai gane ba a gefen jarida. Hulda ta ce za ta je ta ɗora pate, kada ya ci gaba sai ta dawo. Ya ce to. Tana cikin kicin ta jiyo muryar mai bayanin ta ci gaba, an rage ta ƙasa ƙasa, ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bayan kujerarsa tana kallo.