Tela Ya Sayi Mota

Tela mutum ne mai girman kai, kuma girman kai cuta ne ko da a jikin mutumin kirki. Abin da ke ci masa rai shi ne ƙanin matarsa, wani makanike mai baki, wanda kullum sai ya tsaya rage masa hanya don ya tsokane shi.

"Shigo mana, Yaya. Ƙafafun nan naka sun kusa neman gareji."

Saboda haka da Tela ya ji wani na sayar da motarsa, sai ya rantse shi kaɗai zai je, kada yaron nan ya sami abin faɗa.

"Maigida, ka tafi da ƙanena ya duba maka," in ji matarsa.

"Ni da nake gane yadin bogi da ido ɗaya, ƙarfe ne zai gagare ni?"

Ya tarar da motar a ƙofar gidan mai ita, hancinta na kallon titi. Bai buɗe inji ba, bai leƙa ƙarƙashi ba. Tabarau ya sa, ya durƙusa kan kujeru yana bin ɗinki da farce. Ya ja nan, ya taɓa can, ya juya bakin kafet.

"Kai, wannan ɗinki!" ya ce. "Duk wanda ya kula da kujera haka, ba ya ha'inci."

"Malam, ka san kaya," in ji mai motar, yana shafa gemu.

Suka fita gwaji. Da Tela ya so juyawa a wata mahaɗa, sai mutumin ya dafa masa hannu. "Haba, gaggawar me? Mu zagaya, ka ji daɗinta. Yi dama. Sake dama." Haka suka yi ta dama har suka dawo inda suka taso. Tela ya biya, ya karɓi makulli.

Shagonsa a ƙarshen wani matsattsen lungu yake, lungun da ba ya ɓullewa. Ya shigo yana danna hon, ya tsaya dab da bangon shagon.

Washegari sai ga makanike, ya zo ganin abin arziki. Tela ya shiga motar da ƙasaita, ya sa giyar ribas. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta tsaya inda take. Ya sake. Ko motsi. Ya kira mai motar a ɓoye, waya a kashe.

"Yaya, ko in leƙa maka?"

"Ɗumama ta nake yi. Je ka harkarka."

Da mai hankali ne, da ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙanena, taimaka." Tela kuwa magini ya kira. Aka fasa bangon shago na gaba, aka fasa na baya wanda ke kallon wani titi, aka sa ƙyamare.

Yanzu kowace safiya sai a janye keken ɗinki, masu jiran kaya su ɗage ƙafa, mota ta ratsa tsakiyar shago ta fice. Da yamma ta zagayo ta lungu. Ran nan ta tafi da hannun rigar wani ango.

Makanike kan tsaya a bakin ƙofa yana ba ta hannu kamar ɗan sandan hanya.

"Yaya, yaya lafiyar motar?"

"Zo ka duba kujerun," in ji Tela. "Ko zare ɗaya bai kwance ba."