Gefen Shuɗiyar Riga

Dokar uwar ɗaya ce in za su shiga taro: tunda jariri ya cinye mata hannaye, 'yarta Lele ta riƙe gefen rigarta, kada ta saki ko me ake ciki.

Sun makara zuwa zauren nuna taurari na gidan kimiyya, kujeru sun cika, suka tsaya a baya kusa da ƙofa. Aka kashe fitilu, rufin nan mai kama da ƙwarya kife ya cika da ɗige-ɗigen haske.

Mai bayani ya ce taurari masu wutsiya curin ƙanƙara ne, suna can nesa suna zagaya rana a hankali, shekaru dubbai. Sai wani tauraro ya zo wucewa. Ba ya taɓa su, giftawa kawai yake yi, jansa ya kautar da su daga hanya. Wasu su gangaro wajen rana, wasu su yi waje, ba a ƙara ganinsu.

Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba, uwar ta faɗa a ranta, ta kai gwiwa don ta ji ɗumin yarinyar. Wayam.

"Lele?"

"Baiwar Allah, kallo muke yi," in ji wani.

Ta laluba tsakanin ƙafafun mutane, jaririn na tsala kuka, tana tuna bayan ƙofar nan matakala ce, bayan matakala babban titi. Amma Lele ba ta saki. Ba ta taɓa saki ba. Sai maganar mai bayani ta dawo mata, ta bar neman inda yarinyar take, ta tari mai tsaron ƙofa.

"Baba, wa ya gifta ta nan?"

"Wata mata, ta ce duhu na sa ta jiri." Ya haska ta da tocila. "Au, ba ke ba ce? Ai rigar iri ɗaya."

Ba ta san yadda ta sauka matakalar ba. A bakin titi matar na tsayar da tasi, ba ta ma san tana jan kowa ba. Uwar ta cafko kafaɗar 'yarta, ta durƙusa.

Lele ta ɗaga kai ta dubi fuskar matar, ta dubi ta uwarta, yatsunta har yanzu a dunƙule cikin shuɗin yadin.

"Mama, ban saki ba."

"Na gani, uwata. Saki yanzu. Daga yau hannuna za ki riƙe."