Ramin Baba Des

Merrin tana yanka albasa, babanta Des yana juya sosej, wato naɗin niƙaƙƙen nama, a kan murhu a gefen filin ƙwallon garinsu. Tun a jirgin Melbourne take jera maganar a ranta, amma ta kasa samun bakin zaren.

"Col, zo ka ga likitar taurari!" Des ya ƙwalla wa abokinsa kira. "Ni na haƙa ramin, ita za ta kamo abin."

"Ka ishe mu da ramin nan, tsoho," in ji Col, ya ɗauki burodi ya wuce.

Duk garin an san labarin. Des yana cikin waɗanda suka fasa dutse can ƙarƙashin mahaƙar zinariya, aka yi wa masana ɗakin bincike. Yanzu da gwiwa ta gaza, shi ke sauka da su a mota. Abin da suke dako wani ɓoyayyen abu ne da ba a taɓa gani ba. Taurarin da ke can gefen manyan gungun taurari suna gudu fiye da kima, ya kamata a ce sun watse, sai aka ce nauyin ɓoyayyen abin ne ke riƙe su. Saboda ramin nan Merrin take karatun taurari a jami'a.

"Baba," ta ce, idonta a kan wuƙa. "Na canza malami."

"Wancan ya yi miki wani abu ne?"

"A'a. Na koma wajen masu cewa wataƙila babu abin."

Hannunsa ya tsaya. "Babu kamar yaya?"

"Wataƙila ba wani abu ne ya ɓuya ba. Ƙarfin da ke jawo abubuwa ne ba mu gama sani ba. Can nesa, inda ya yi rauni sosai, ba ya raguwa yadda muka zata. In an gyara lissafin, gudun taurarin yana fita daidai."

"Ko'ina?"

"Ba ko'ina ba. Akwai inda masu neman abin suka fi mu gaskiya. Mu kaɗan ne ma, dariya ake mana."

Sosej ɗaya ya fara ƙonewa. Des ya ture shi gefe, ya daɗe yana kankare ƙarfen murhun. Merrin ta ji da ma ta bari sai a waya.

"Wato na ba da gwiwata a kan babu."

"Baba, in ba a duba ba, wa zai san babu? Mu ma sakamakon ramin muke jira."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Farfesa Lindqvist na ramin namu ya san da ku?"

"Ya ce ɓata lokaci muke."

"Shi ya faɗa? Mutumin da har yau bai iya ɗaura fitilar hularsa ba?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta share hawayen albasa da bayan hannu. Des ya naɗe ƙonannen sosej ɗin a burodi, ya ci abinsa, ya jawo mata kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yar nan. Maimaita min a hankali, daga wajen raunin nan. Ran Litinin ni zan sauka da Farfesan, hanyar da nisa, kuma babu inda zai gudu."